Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, Abuja

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne in roƙi hukumarku ta fitar da ƙa'ida guda ɗaya ta sa wa kowace fitowa ta jaridu da mujallun Hausa suna, domin masu adana su, ko ma'aikata ko 'yan sa kai, su daina yin yadda kowa ya ga dama.

Yanzu matasa da dama suna tattara tsofaffin mujallu daga akwatunan iyayensu, suna ɗaukar hotonsu da na'ura, suna ajiyewa a intanet. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ga inda gizo ke saƙar: fitowa ɗaya tak sai ka same ta da suna uku. Wani ya kira ta da watan da ta fito, wani da lambarta, wani kuma da sunan jarumar da ke bango, kamar yadda ake tambayar mai sayar da jarida a bakin titi. Mai bincike sai ya ɗauka mujallu uku ne, ko kuma ya yi zaton an riga an adana wata fitowa alhali ba a taɓa ganin ta ba.

Na san hukumarku ce ke ba da lambar ISSN, wato lambar shaida ta ƙasa da ƙasa da ake bai wa jaridu da mujallu, a Najeriya, kuma dokar Babban Ɗakin Karatu ta 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i mai zaman kansa ya miƙa muku kwafi 3 na abin da ya buga. To amma lambobin nan 8 na ISSN mujallar gaba ɗaya suke nunawa, ba sa bambanta fitowar Maris da ta Afrilu. Wannan giɓin nake roƙon a cike.

Shawarata ita ce a fara da sunan mujallar yadda yake a bango, a biyo da shekara da wata cikin alƙaluma, sannan lambar fitowa. Misali: Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939-01, lamba 1, wato fitowar farko da aka buga a Zariya. Dalilin fifita alƙaluma a fili yake. Har yau ba mu daidaita kan rubutun sunayen watanni ba: wani ya rubuta Fabrairu, wani Faburairu, wani Afrilu, wani Afirilu, ga Yuni da Yuli da harafi ɗaya ne kawai ya raba su. Bugu da ƙari, kwamfuta tana jera sunaye ne bisa haruffa, saboda haka Afrilu da Agusta za su hau sama, Janairu ta koma tsakiya, shekara ta hargitse. Ita kanta Gaskiyar, wasu na rubuta “Ta Fi”, wasu “Tafi”, kuma na'ura ba ta san abu ɗaya ake nufi ba.

Haruffa masu lanƙwasa su ne abin da ya fi damuna. Ina roƙon a tabbatar da ɓ da ɗ da ƙ a ainihin sunan, sannan a ajiye rubutun da ba shi da lanƙwasa a matsayin suna na biyu, domin wanda wayarsa ba ta da waɗannan haruffa shi ma ya iya nemowa. Jaridar ajami irin Alfijir ta Kano ita ma ta cancanci a rubuta sunanta da ajami da boko. Inda bango ke ɗauke da kwanan watan Hijira, a tanadar masa gurbinsa daban, tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, ba za a iya jera su a layi ɗaya ba.

Sai kuma fitowar da ta haɗa wata biyu, da wadda maɗaba'a ta maimaita lamba bisa kuskure. A ganina kada mai adanawa ya gyara lambar da kansa. Ya rubuta abin da aka buga, ya ƙara bayani a gefe.

Ina roƙon ku gayyato malaman Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da ma'aikatan Gidan Arewa na Kaduna, wato cibiyar adana takardun tarihi, da editocin Aminiya da na mujallar Fim, da wakilan 'yan sa kai, a zauna a amince da ƙa'idar. In an gama, a buga ta da Hausa, gajeriya, a raba wa rassanku na jihohi.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Mai sha'awar adana jaridun Hausa,
Abuja