Masu Garkuwa Da Bayanai Kan Daɗe A Ciki Kafin Su Kulle Kwamfuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin 'yan'uwanmu masu kamfanonin aikin Hajji da Umara, na nan Jidda da Makka da kuma na gida, game da masu kutsen da ke garkuwa da bayanan kwamfuta suna neman kuɗin fansa. Mutane da yawa na ɗaukar abin kamar saukar aradu, a wayi gari fayiloli sun ƙi buɗuwa, ga saƙon neman fansa a fuskar kwamfuta, alhali kuwa wannan ranar ita ce ƙarshen aikin da aka daɗe ana yi a ɓoye.

Abin da ya sami hukumar lafiya ta ƙasar Ailan ya isa shaida. A watan Maris na 2021 wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel da aka turo masa ta imel, amma sai ranar 14 ga Mayu masu kutsen suka kulle kwamfutocin asibitoci, wato sun shafe kusan mako takwas suna kai da komo a ciki. A irin wannan zaman ne suke satar kalmar sirrin mai kula da na'urori, su riƙa tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan, su kwashe bayanai zuwa wajensu, sannan su nemo inda aka adana kwafin ko-ta-kwana su goge shi. Sai sun tabbatar babu mafita suke sakin manhajar da ke rikita fayiloli, galibi da dare ko a ranar hutu, ta yadda ba za su karantu ba sai da mabuɗin da ke hannunsu.

Ƙofar shigarsu ba ta da wani girma. Kalmar sirri guda ɗaya ta wani tsohon asusu ce ta jawo rufe bututun man Colonial Pipeline a Amurka a 2021, har kamfanin ya biya kimanin dala miliyan 4.4 da kuɗin Bitcoin. Ita kuwa manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry, da ta bazu a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, ta bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, sai dai ba kowa ya sabunta kwamfutarsa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin ƙananan ofisoshinmu. A kwamfuta ɗaya ake tara kwafin fasfo, hotuna, lambobin waya da rasit na ɗaruruwan maniyyata, kalmar sirrinta kowane yaron ofis ya san ta, na'urar ajiyar kwafi kuma tana maƙale da ita dare da rana, don haka tare za a kulle su. Wanda aka rufe wa bayanansa a watan Zulƙida, jirage na shirin tashi, ba shi da halin jan ciniki, kuma da irin wannan matsin ake yanka farashi. Biyan ma ba ya kawo kwanciyar hankali, domin lokacin da jami'an tsaron Birtaniya da Amurka suka ƙwace na'urorin ƙungiyar masu kutsen neman fansa ta LockBit a Fabrairun 2024, sun tarar da bayanan wasu da suka biya fansa ba a goge su ba. Fasfon alhaji amana ce, kuma shi bai san inda kwafinsa ya kwana ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin masu kamfanonin aikin Hajji da Umara da su wajabta wa mambobinsu, tun kafin a fara rajistar maniyyatan bana, su riƙa ajiye kwafi a na'urar da ake cirewa a kulle a durowa, su gwada dawo da shi su ga yana aiki, su kuma sanya matakin tantancewa na biyu ta wayar hannu a kan imel da duk wani asusun da ake shiga daga nesa.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta, Jidda, Saudiyya