Sunanka ya fita daga katina

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya zafin Yamai, ya sabon aiki? Mu nan Tawa lafiya lau, innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na ƙi faɗa maka maganar nan a waya don ina so ka riƙe ta a rubuce. Makon jiya na je sabunta katin mutuwel, wato asusun taimakon juna na kuɗin magani, na wurin aikinmu. Yarinyar da ke kan tebur ta jera hotunanku, sai ta sa yatsa ta ture naka gefe. Ta ce shekarunka 23, karatu kuma ya ƙare, saboda haka ka fita. Na san da sharaɗin tun ranar da na sa hannu, amma sai da na ga hotonka shi kaɗai a bakin tebur jikina ya yi sanyi. Na ɗauke shi na sa a aljihun gaba.

Na san abin da za ka ce, ai gwamnati ta rage kuɗin likita. Gaskiya ne, kuma mun gode Allah. Tun 1 ga Satumba 2024 aka raba kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da na kwanciya biyu a asibitocin gwamnati, haihuwa kuma ta zama kyauta. Kafin nan, tun 2006 ake duba yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta. To amma dubi waɗanda aka fi tausaya wa: jinjiri da mai ciki. Kai ba ka cikinsu. Rabin kuɗi ma kuɗi ne, daga aljihunka zai fito ranar da ba ka shirya ba. Farmasin bakin titi ba ruwanta da ragin, asibitin kuɗi ma haka. Inshora daban take: mutane da yawa ke zuba kaɗan-kaɗan tun suna da lafiya, don wanda ya faɗi a ɗauke shi.

Kawunka na Amurka ya ba ni labarin tasu gyarar. A watan Maris na 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a wata doka da ta ba iyaye damar riƙe ɗa a cikin inshorarsu har ya cika shekara 26, ko ya gama makaranta, ko ya bar gida, ko ma ya yi aure. Sun lura cewa a waɗannan shekarun ne yaro ke fita daga inuwar uba alhali bai samu aikin da zai rufa masa asiri ba. Ba don ka yi sha'awar ƙasar mutane na kawo maka wannan ba, kuɗin magani a can ya fi ƙarfin talaka. Ina nuna maka ne cewa ramin da ka shiga sananne ne. Su sun rufe wani sashe nasa da doka, mu namu a buɗe yake, sai dai kowane gida ya yi dabararsa.

Ba ka manta damunar bara ba. Kwana huɗu kana fama da masassara, kana sayen ƙwayoyi wurin mai tebur, in na kira ka ce mura ce. Sai da abokin ɗakinka ya buga mini waya da tsakar dare yana kuka. Na kama motar asuba, Konni, Dogon Dutsi, Doso, ban sa komai a bakina ba. Na iske ka da ƙarin ruwa a hannu, leɓɓanka sun bushe, ba ka ma gane ni ba. A lokacin katin yana aiki, duk da haka sai da innarka ta sayar da tunkiyarta. Yanzu babu katin. Ɓoye ciwo don kada ka ɗora mana nauyi, wallahi shi ne ya fi ɗora mana nauyi.

Don haka ka je wurin mai gidanka da ladabi, ka tambaye shi ko ya rubuta sunanka a CNSS, hukumar kula da walwalar ma'aikata ta ƙasa, ka kuma karɓi lambarka. Amma ka sani ita hatsarin wurin aiki da kuɗin iyali da fansho take ɗauka, masassarar damuna ba ta cikin lissafinta. Sai ka ƙara tambaya ko ma'aikatar tana da inshorar lafiya ko mutuwel, nawa ake cirewa a albashi, kashi nawa suke biya a magani. Tambayar haƙƙi ba rashin kunya ba ce. In babu, duk ƙarshen wata ka ware jika biyar kafin ka sayi ko da katin waya. Kada ka zuba su a adashe, ciwo ba ya jiran ranar kwasarka. Kuma babur ɗin nan da kake hawa kai ba hular kwano, labari ya iso ni.

Ranar da jikinka ya fara zafi, a ranar nake so in ji, daga bakinka. Jika goma na farko na asusun ni zan sa, zan turo maka su ranar Juma'a. Hoton yana wurin innarka, ta ce ba za ta bayar ba.

Allah ya tsare mini kai, ya yi maka albarka.

Mahaifinka