Kan Shirinku Na Daren Talata

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na rediyo na daren Talata kan masu buƙata ta musamman ya ɓata mini rai, kuma har yau ban huce ba. Awa guda cur baƙonku yana ta "a tausaya musu, a taimaka musu, lada na wurin Allah", sai ka ce masu buƙata ta musamman ba abin da hannunsu ya iya riƙewa sai ƙoƙon bara. Shi kuma mai gabatarwa sai "haka ne, haka ne". Ko da wasa ba wanda ya ambaci aikin yi.

Ƙanina yana da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Shekararsa 24. Ba ya son hayaniya, ba ya iya doguwar gaisuwa, ciniki kuwa ko farawa ba ya yi. Amma miƙa masa wayar da ta faɗa ruwa, ka dawo bayan La'asar ka sha mamaki. Shagon gyaran waya uku na kai shi tsakanin unguwar PZ da Sabon Gari a nan Zariya, ko za a ɗauke shi yaron shago. Na farko ya ce zai kore masa kwastomomi. Na biyu ya zaro naira 500 ya miƙa masa, wai ya sha ruwa. Wallahi da zagin mu ya yi da ya fi mini sauƙi. Na uku ko bari in gama bayani bai yi ba. Yanzu a zauren gidanmu a Tudun Wada yake aiki, ni in karɓi waya in yi ciniki, shi ya gyara. Har wasu masu shagon kan aiko mana da wadda ta gagare su, a ɓoye.

Me ya hana ku tsare baƙon nan da zancen dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019? Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ku gayyato masu ɗaukar ma'aikata su faɗa mana mutum nawa suka ɗauka.

Sannan don Allah ku rage tallan masu maganin gargajiyan nan bayan Magariba. Da yara muke sauraro, kullum sai na yi tsalle na kashe rediyo.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Zariya