Ga ɗalibanmu masu shirin tattakin tsaunukan Sikotlan a watan Oktoba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, domin na san ɗalibanmu da ke Birtaniya suna karanta ta a waya, iyayensu kuma suna karanta ta a gida. Na daɗe da zama a Gilasgo, kuma duk shekara idan sababbin ɗalibai suka sauka a watan Satumba, ba a rasa samarin da za su zo mini da zancen suna son taka West Highland Way, wata doguwar hanyar tattaki a tsaunukan yammacin Sikotlan, da jakar goyo da tanti kafin karatu ya kankama. Ba na hana kowa. Gara yaro ya fita ya ga ikon Allah da ya ƙule a ɗaki yana latsa waya. Lissafin da suke zuwa da shi ne kawai ke ba ni tsoro.

Tsawon hanyar kilomita 154 ne, daga Milngavie da ke bakin Gilasgo zuwa Fort William, a gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Birtaniya. Tun 1980 aka buɗe ta, akwai alamomi a kanta, ba ta da wuyar bi. Sai yaro ya raba 154 gida biyar, ya ce, "Baba, talatin ne fa a rana, mene ne a ciki?" To, a Oktoba ba da kilomita ake fara lissafi ba, da hasken rana ake farawa. A tsakiyar watan, sai wajen ƙarfe takwas saura kwata rana ke fitowa, shida da kwata kuma ta faɗi, kowace rana tana gaza ta jiya da minti huɗu da ɗoriya. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan ana mayar da agogo baya da awa guda, daga nan kafin ƙarfe biyar an yi magariba. Ka cire lokacin naɗe jiƙaƙƙen tanti da hannuwan da suka sandare, ka cire karin kumallo da salla da hutu, ka cire awa guda ta neman wurin kwana tun ido na ganin ido. Abin da ya rage bai wuce awa bakwai zuwa takwas ba. Shi ya sa nake cewa a ba tafiyar kwana bakwai ko takwas, wanda ba shi da su kuma ya yanki rabi, ya bar saura sai wata shekarar.

Kilomitocin ma ba ɗaya suke ba. Daga Milngavie zuwa Drymen, kilomita 19, shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, a nan yara ke ruɗuwa su ɗauka haka za a ƙare. Amma gaɓar gabas ta tafkin Lomond, daga Rowardennan zuwa Inverarnan, wajen kilomita 22, musamman bayan Inversnaid, ba komai sai saiwoyin itace da duwatsu masu santsi, hawa da sauka, wani wurin sai ka dafa da hannu. A taswira babu tudu, a ƙafa kuwa nan ne wuyar aikin. Wanda duhu ya riska a wannan yankin da kaya a baya ya shiga uku. A ware masa yini sukutum, a kuma yi sammako.

Kada a ce na cika ba da tsoro. Ni a wurina Oktoba ya fi bazararsu daɗin tafiya. 'Yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu cizo, da ke hana mutum sakat daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, sun kau. Cunkoson mutane ya ragu. Dokar ƙasar ta 2003 ta ba kowa damar kafa tanti a daji muddin zai kiyaye haƙƙin wuri, takunkumin da hukumar gandun tafkin Lomond ke sanyawa na neman izini kuma daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba yake aiki. Ciyayin tsaunuka sun koma ja da ruwan ƙasa. Lokacin barbarar barewa ne, da dare za ka ji mazan suna ruri daga kwari zuwa kwari. A faɗa wa baƙo tun da wuri, don na ga ƙato ya kwana yana karanto duk addu'ar da ya sani. Kaska dai tana nan, kuma tana ɗauke da cutar Lyme, saboda haka a duba jiki kowane dare.

Sai maganar ruwa. Lokacin da damina ke ban kwana a gida, a yammacin Sikotlan ruwa ƙaruwa yake yi, ga iska. Ba ƙanƙara ke kayar da mutum a wannan watan ba, jiƙewa ce a cikin iska. Wandon jins da rigar auduga da safar makaranta, duk a bar su a ɗaki, domin auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, zafin jiki take zuƙewa. A nemi ulu ko yadin roba, da rigar ruwa da wandonta na ƙwarai. A ƙulle bargon kwana da kaya kala ɗaya a cikin leda mai kauri, kada a taɓa su sai an shiga tanti, da safe kuma a daure a mayar da jiƙaƙƙun na jiya. Ba daɗi, amma haka ake yi. Takalmi kuwa kada ya zama sabo fil, in ba haka ba bororo zai gama da mutum tun kafin ƙauyen Balmaha da ke bakin tafkin Lomond. Tocilar goshi da batir na ko-ta-kwana dole ne.

Guzuri a yi shi daga Gilasgo, unguwar Pollokshields cike take da shagunan halal. Kada wani ya sa a aiko masa da kilishi daga gida, doka ta hana shigo da nama. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari da madarar gari, kifin gwangwani, taliyar nan mai saurin dahuwa, sun wadatar, ba su da nauyi. Abin da za a riƙe da kyau: daga Tyndrum babu kanti sai Kinlochleven, wajen kilomita 45, otal-otal ne kawai a tsakani, kuma wasu wuraren kwana da masu jigilar kaya kan rufe in kaka ta yi nisa. A buga waya a tabbatar kafin a tashi. Ruwan rafi yana da yawa, amma tumaki da barewa na sha a sama, sai a tafasa ko a tace.

A cikin wannan tazarar ne Rannoch Moor yake, dausayi iya ganinka, ba gida ba bishiyar fakewa, bayansa kuma hawan Devil's Staircase, mita 550, ƙololuwar hanyar baki ɗaya. Ranar da hasashen yanayin tsaunuka ya ce iska za ta yi ƙarfi, a zauna. Jirgin ƙasa na tsayawa a Crianlarich da Tyndrum da Bridge of Orchy, wanda ya gaji ya hau ya koma gida, ba abin kunya ba ne.

Batun salla, Malam Edita, shi ne abin da littattafan Turawa ba za su faɗa wa yaranmu ba. Azahar da la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna a wannan lokacin. A je wurin malami tun kafin tafiya a tambayi hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi, maimakon a tsaya musu a kan dutse ruwa na dukan mutane. Ɗan rishon gas ɗin da ake dafa shayi zai ɗumama ruwan alwala. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, kamfas ɗin da ke nuna hanya shi zai nuna ta, don waya kan mutu da wuri a cikin sanyi. A riƙe taswirar takarda saboda wannan dalilin.

Kada mutum ya tafi shi kaɗai a karon farko. A bar wa wani a gari jadawalin inda za a kwana kowane dare da ranar dawowa. In an samu hatsari a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto na kan dutse. Iyaye kuma da ke Kano ko Zariya ko Damagaram, in kun kira yaro kun ji wayar a kashe yini guda, ku kwantar da hankali, akwai wuraren da sabis ba ya kaiwa. Ku dai sa ya ba ku lambar wanda ya bar wa jadawalin tun kafin ya ɗauki jaka.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Gilasgo, Sikotlan