Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan nonon raƙumi

Assalamu alaikum Hajiya,

A filin lafiya na rediyo kin tambaye ni ko gaskiya ne nonon raƙumi yana gyara garkuwar jikin mai ciwon suga, har ɗanki ya huta da allurar insulin. Lokaci ya ƙure mana a ranar, ga amsar a natse.

Maganar ba ta rasa tushe ba. Masu bincike a Masar da Saudiyya, ciki har da Gamal Badr na Jami'ar Asyut, sun tace furotin ɗin ruwan nonon raƙumi suka riƙa ba ɓeraye masu ciwon suga. Yawan suga a jini yana raunana fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, wasu ma su mutu kafin lokacinsu, yana kuma cikin dalilan da ke sa miki ya ƙi warkewa a ƙafar mai ciwon. A ɓerayen da aka ba furotin ɗin, mutuwar ƙwayoyin ta ragu, kumburi ya lafa, rauni ya warke da wuri.

Sai dai ɓeraye ne, kuma da sinadari aka sa musu ciwon. Na ɗanki irin na yara ne, garkuwar jikinsa ce da kanta ta far wa ƙwayoyin da ke samar da insulin ta hallaka su. Ba ƙarfi ta rasa ba, abokin gaba ne ta kasa ganewa. Masu tallar "ƙarin garkuwa" ba sa faɗin wannan.

An gwada a mutane ma. A Bikaner ta Indiya, Dakta Agrawal da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya 24 tsawon shekara biyu, suka wallafa sakamakon a 2011. Masu shan rabin lita kullum buƙatarsu ta insulin ta ragu. Amma mutum 24 sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu, kuma likita ne ke rage musu allurar yana auna jininsu.

In kina da halin saye, ki ba shi, amma tafasasshe. Ɗanyen nono yana ɗaukar cutar burusela mai zazzaɓi mai naci, kuma tun bayan ɓullar MERS, cutar numfashi mai alaƙa da raƙuma, a Saudiyya a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗi a kansa. Shi ma nono yana da nasa sugan, don haka ki riƙa auna sugan jinin ɗanki kina rubutawa, ki kai wa likitansa. Allura kuwa, don Allah kada a tsallake ko ta kwana ɗaya. Yaro irin naki yana iya shiga dogon suma cikin 'yan kwanaki in an daina.

Allah ya ba shi lafiya.

Wassalam,
Ɗan'uwanki, likitan filin