Kada mu kashe tsofaffin rediyo da hannunmu

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gajiyar aiki.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan rediyon da iyayenmu sunka bar muna, wanda yanzu yara ke ɗauka su saida ma 'yan gwangwan kamar tsohon kwano. Namu Grundig ne mai akwatin katako, irin mai lampu (kwalaben gilashin ciki masu ƙara ƙarfin sauti) da koren ido mai nuna an kama tasha, sai ya yi zafi tukuna ya fara magana. Radio Niger an buɗe ta 1958, sashen Hausa na BBC kuma 1957, kuma cikin irin waɗanga akwatuna ne mutanenmu sunka fara jin duniya da harshensu.

Bara na aika rediyon namu daga Tahoua zuwa Yamai wajen gyara, kuma laifina ne da na sa shi kwali haka nan ba kariya, yaran mota sunka aza buhun albasa bisa, ga tafiya ta fi kilomita 500 ta Konni da Dosso, ya isa gilashin lambobin tasha ya tsage, lampu guda ta fashe. Wallahi kwana biyu ban ji daɗin abinci ba. Mai gyaran, wani dattijo, ya ce da na cire lampu ɗaya-ɗaya na naɗe kowace da tsumma daban, na sa kwali mai kauri gaban gilashin, akwatin kuma cikin kwali biyu da katifar soso tsakani.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya hwaɗa min daga baya. Rediyon da ya shekara ashirin ajiye ba a jona shi da kuran kai tsaye, kondansatocin ciki (masu tara wuta) sun bushe, suna iya ƙona taransifoma nan take, shi mai gyaran sai ya bi da wutar ta cikin kwan lantarki ya ga ko lafiya. Wasu rediyon ma 'yan Amurka ne masu aiki da wuta volt 110, mu kuwa 220 muke da ita. Ƙurar hunturu a share da buroshi mai laushi, ban da ruwa, masu aiki da pil kuma a cire pil ɗin kafin ya zuba ruwa ya ci ƙarfe.

Yanzu ya dawo gida. Na ja waya kamar mita 15 daga taga zuwa iccen dogon yaro, da rana ina neman tasha a gajeren zango mita 19 da 16, da dare 41 da 49. Ƙugin nan da ake cewa tsufa ne, sau da yawa cajar salula ce ko injin sola ke jawo shi, ka kashe su ka ji bambanci.

Roƙona, Malam Edita, ku aika ɗan jaridarku ya zauna da tsofaffin masu gyaran nan na Tahoua da Yamai, ban ga yaro ko guda yana koyo wajen dattijon ba. Kuma wanda ke da lampu EL84 ajiye, ina so, a sanar da ni ta hannunku.

Naku mai karatu,
daga Tahoua