Barka da Sallah daga garin masu haƙar kwal

Assalamu alaikum Hajiya, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na kira da safe layi ya ƙi shiga, da ya shiga kuma hayaniyar yara ta hana mu jin juna, shi ne na ce bari in rubuto Auta ta karanta muku in an gama da kayan ciki, don na san yanzu hannun kowa duk maiƙo ne.

Nan Easington ta Ingila kam ba wanda ya san ana wata Sallah. Na leƙa taga da asuba, ba kabbara, ba kukan rago, sai motar kwasar shara. Idi ma sai da na hau bas zuwa Sunderland. Layya kuwa ba a yanka a gida a ƙasar nan, sai a mayanka, shi ya sa na turo wa Yaya kuɗin, da fatan dai bai sayo mai ƙahon nan irin na bara ba.

Wallahi Hajiya wainarku ce ta hana ni sukuni tun jiya. Na jiƙa shinkafa, na markaɗa, na sa yis ta kwana, ta tashi kuwa har na fara murna, to amma ina tanda? Kaskon suyar ƙwai na ɗora, abu ya fito fale-fale, ba kumburin nan, ba bakin nan mai ƙwas-ƙwas da muke rigima a kai ni da Auta. Miyar taushe kuma kabewa na samu, alayyahu na samu, man gyaɗa na kwalba ya tsaya a madadin gyaɗa, amma ba yakuwa ba tantaƙwashi, daddawar da kuka ƙulla min kuwa ta ƙare tun azumi. Na ɗanɗana na ajiye cokali, sai ga hawaye, ni kaɗai a kicin da sabon leshina.

Da azahar ina da aiki, don ba hutun Sallah a nan. Tsohuwar da nake kula da ita yau ranar zuwanta kulob ɗin tsofaffi ce, a wani babban zaure da suke kira Welfare, sai na ce wannan waina dai ba za ta yi kwantai ba, na zuba a kula na tura keken muka tafi.

Bari in ba ku labarin wurin nan don Baba zai so shi. Garin Easington kwal ne ya kafa shi, kamar yadda kuza ta tara mutane a Jos lokacin da Kaka ya je. A 1899 aka fara haƙa ramin, kuma wai har ƙarƙashin teku suke bi suna sarar kwal, ni da ko rijiyar gidanmu ba na iya leƙawa. A 1920 gwamnatin Ingila ta yi doka, duk tan ɗaya na kwal da aka haƙo a cire kwabo ɗaya a tara don jin daɗin leburori, su ma kuma ana yankar wani abu a albashinsu duk mako, kamar adashi, da haka garuruwan kwal suka gina zauruka da filayen wasa. Shi ya sa tsofaffin nan ke shiga wurin suna taƙama, wani tsoho ya buga sandarsa a ƙasa ya ce min gumin ubansa ne a ginin, ba kyautar kowa ba.

Shi ne ya ba ni labarin 29 ga Mayu 1951, ranar da ramin ya yi bindiga, mutum 83 suka rasu har da biyu cikin masu ceto. Yana yaro lokacin. An dasa itatuwa 83 a jere a filin shaƙatawarsu, kowane mamaci da tasa, ni kuwa kullum ina wucewa ta wurin ban sani ba. Sai yajin aikin 1984 zuwa 1985, shekara guda cur ba albashi, matan gari suka haɗa tukunya ɗaya suna ciyar da jama'a, tsohuwata tana cikin masu feraye dankali, in ta fara wannan labarin har mantawa take da ciwon gwiwa. A 1993 aka rufe ramin gaba ɗaya, aiki ya tafi, matasa da yawa suka bi shi, aka bar tsofaffi da zaurensu.

Da farkon zuwana dariya abin ke ba ni, wai sai an sa rana da kwamiti da rajista kafin tsoho ya sami abokin hira, mu da Baba ke fitowa dakali gindin darbejiya majalisa ta haɗu da kanta. To yau dai ban yi dariya ba. Su sha shayi, su yi wani wasan lambobi da suke kira bingo, wanda bai zo ba a buga masa waya a ji ko lafiya, don akwai wanda in ba ranar nan ba sai ya yi mako bai ci abinci da wani mahaluƙi ba. Da na faɗa musu yau Sallarmu ce sai suka hau tafi, wata ta kama hannuna tana shafa lalle tana tambaya ko zai fita. Waina kuwa suka shafa mata jam, Hajiya, jam! Na ce oho dai, aka cinye tas har da neman ƙari. Sun ce a watan Yuli za su kai ni Durham in ga nasu hawan, taron masu haƙar kwal da ake yi tun 1871, da tutoci da 'yan badujala, na ce ba dawaki ai ba hawa ba ne.

Ku gaishe min da Baba sosai, a ce masa ya rage goro. Ina gaida Yaya da iyalinsa, Kawu, su Goggo ta Tudun Wada. Iya kuma dan Allah Auta ki je har ɗakinta ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce ina nan ina shafa man zafin da ta ba ni, ban kuma manta da alkawarin bargo ba, mai laushi na gani zan aiko, ta ci gaba da sa ni a addu'a, ki cika mata kwano da hanta tun kafin yaran nan su wawushe. Maƙwabta duk ina gaisuwa. 'Yan biyu goron Sallarsu na wajen Yaya, kar ya ce ya manta.

Tara ta wuce a nan rana ba ta faɗi ba, ina zaune jiran magariba. In an sami mai tahowa a sako min daddawa da ƙaramar tanda, da dambun nama in za a bari ya wuce.

Taku har kullum.